Babi na Biyar: Baƙin da Suka Ce Sun Kawo Makami

Me ya sa mutum biyu za su zauna a tabarma ɗaya, suna jin yare ɗaya, amma su tashi kowa da abin da ya ji? Miji ya rantse cewa ya yi bayani, matar ta rantse ba a gaya mata komai ba, kuma cikinsu babu maƙaryaci. Idan haka take faruwa tsakanin waɗanda suka sha ruwan rijiya ɗaya, yaya za a ƙare ranar da mai maganar ba shi da baki, ba shi da fuska, kuma ba a duniyar nan aka haife shi ba?

Wannan tambayar ce fim ɗin Arrival ya ɗauka. Ya fito a 2016, Denis Villeneuve ɗan ƙasar Kanada ne ya ba da umarni, Eric Heisserer ya rubuta shi daga gajeren labarin Ted Chiang mai suna Story of Your Life na 1998. Mai son ganin ana rusa birane da wuta daga sama zai fita da haushi, domin bam ɗaya tal ya tashi a fim ɗin, shi ma 'yan Adam ne suka dasa. Jarumar kuwa malamar jami'a ce, makaminta allo da alƙalami. Ina gargaɗi tun yanzu cewa zan fasa ƙwan labarin har ƙarshensa, don ba a iya magana a kan wannan fim ba tare da an taɓa ƙarshen ba.

Kumbo goma sha biyu

Wata safiya Dakta Louise Banks, wadda Amy Adams ta fito a matsayinta, ta shiga aji za ta yi darasi a kan harshen Fotugis, ta tarar da ɗalibai ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Wayoyinsu suka fara ƙara ɗaya bayan ɗaya, har wata ta roƙe ta ta kunna talabijin. Kumbuna goma sha biyu sun sauko a wurare goma sha biyu na duniya, ciki har da jihar Montana ta Amurka, da Sin, da Rasha, da Japan, da Birtaniya, da Sudan, da Saliyo. Kowanne baƙi ne wuluk, tsawonsa kusan mita 450, yana tsaye a iska bai taɓa ƙasa ba. Ba su harba komai ba, ba su ce komai ba. Duk bayan awa 18 sai wata ƙofa ta buɗe a gindin kumbon, kamar ana cewa bismillah, ku shigo.

Kanar Weber na sojan Amurka ya zo ofishin Louise da 'yar na'urar ɗaukar murya, ya kunna mata wani gurnani, ya ce ta fassara. Ta ce ba a fassara harshen da ba a sani ba daga faifai, sai an zauna da mai harshen. Kanar ya ga kamar tana neman hanyar zuwa kallo ne, ya ce zai tafi wurin wani masani a Berkeley. Yana bakin ƙofa ta ce ya tambayi wancan malamin kalmar yaƙi a harshen Sanskrit na tsohuwar Indiya, da abin da take nufi. Da dare jirgi mai saukar ungulu ya sauka a ƙofar gidanta. Wancan malamin ya ce kalmar tana nufin jayayya, ita kuwa ta ce ma'anarta son ƙarin shanu. Wanda ya san abin da shanu suke haddasawa tsakanin mutane ba ya buƙatar ƙarin bayani. Kalmar tana ɗauke da dalilin yaƙin a cikinta, kuma tafintan da ya ba ka jayayya kawai ya zubar da rabin saƙon a hanya.

Tambaya ɗaya, ramuka biyar

Abin da hukuma take so a tambayi baƙin a fili yake: me ya kawo ku duniyarmu? Kanar Weber yana so a yi tambayar yau, a samu amsa yau, domin na sama da shi sun matsa masa. Louise kuwa ta zo da jerin kalmomi irin na 'yan aji ɗaya: ci, tafiya, mutum, suna. Da ya nuna fushinsa, sai ta rubuta tambayar tasa a allo ta fara fiɗe ta gunduwa-gunduwa, kuma a wurina wannan ne wurin da ya fi ko'ina daɗi a fim ɗin.

Da farko, shin sun san mece ce tambaya, wato a furta magana ana jiran a mayar da amsa? Sannan, wa ake tambaya, wannan da ke tsaye a gabanmu ko jinsinsu duka? A nan Turanci ne yake da gurguwar ƙafa, domin kalma ɗaya yake da ita a inda mu muke da kai da ke da ku. Sai kuma dalili: shin suna yin abu da niyya, ko kuwa kamar ƙudan zuma suke, aikin yana fita daga jikinsu ba tare da shawara ba? A ƙarshe, ko sun ba da amsa, da waɗanne kalmomi za mu gane ta alhali ba mu tara ko ɗari ba?

Duk wanda ya taɓa raka tsohuwa asibiti wurin likitan da bai ƙware a Hausa ba ya san wannan ramin. Ta ce zuciyarta tana tashi, sai ka ga likita ya ɗauko abin awon bugun zuciya, alhali amai take ji. Kalmomin duka ya ji su daidai, zuciya zuciya ce, tashi tashi ne, amma an bar hanya tun daga jimlar farko. Haka ciki yake, wuri ne, tumbi ne, juna biyu ne, sai abin da ke kewaye da shi ya bayyana wanne ake nufi.

Don ta sayi lokaci, Louise ta ba Kanar labarin Kyaftin James Cook, wanda ya isa gaɓar Ostareliya a 1770. Wai mutanensa sun nuna wata dabba mai tsalle da aljihu a ciki suka tambayi sunanta, 'yan ƙasa suka ce kangaru, kuma daga baya aka gano cewa kalmar tana nufin ban gane ba. Kanar ya yarda ya fita. Yana fita ta gaya wa abokin aikinta Ian Donnelly, masanin kimiyyar fiziks, cewa labarin ƙarya ne amma ya yi aikinsa. Gaskiyarta, sunan ya fito ne daga gangurru, kalmar mutanen Guugu Yimithirr ga wani nau'in wannan dabba. A lura da abin da ta yi a nan, domin za mu dawo kansa: mace ce da ta san yadda ake zaɓar abin da za a faɗa wa mutum don a kai shi inda ake so.

Ranar da ta tuɓe rigar kariya

A cikin kumbon akwai dogon rami da nauyin jiki yake juyewa a cikinsa, bango ya koma ƙasa, mutum ya taka shi yana tafiya. A ƙarshensa akwai wani shamaki mai kama da gilashi, bayansa farin hazo. Cikin hazon ne halittu biyu suke fitowa, kowanne da ƙafa bakwai, kamar katon hannu ya tsaya a kan yatsunsa. Ian ya laƙaba musu Abbott da Costello, sunayen wasu tsofaffin 'yan wasan barkwanci na Amurka waɗanda suka yi fice da wasan rashin fahimtar juna.

Mutanen suna shiga ne cikin manyan rigunan kariya masu ruwan lemo, fuska a bayan roba, numfashi ta bututu, suna ɗauke da tsuntsu a keji don idan iskar ta gurɓace shi zai fara nunawa. Louise ta ɗaga allo ta rubuta kalmar mutum da Turanci. Ɗaya daga cikin baƙin ya miƙo ƙafa ɗaya, ta buɗe kamar tauraro, ta feso wani abu mai kama da tawada, tawadar ta yi yawo a hazo ta haɗu ta zama zobe mai rassa. Hausa ta yi mana gata a nan: baƙi ne suka rubuta baƙi da baƙin ruwa, kalma uku da alƙalami yake rubutawa iri ɗaya amma kunne yake rarrabewa.

Da aka zo gabatar da suna, sai abin ya cije. Kowa a cikin riga iri ɗaya yake, to wanene Louise? Ta dubi tsuntsun, ta ga yana tsalle-tsallensa lafiya lau. Sai ta zuge rigar ta fito, ana yi mata ihu ta rediyo, ta taka har gaban shamakin ta ɗora tafin hannunta. Halittar ma ta ɗora nata daga can ɓangaren. Daga ranar aiki ya fara tafiya.

Wannan ɗan wurin shi ne mafarin sauyawar Louise. Matar da muka gani a farko mai kaɗaici ce, gidanta shiru a bakin tafki, duniya tana rikicewa ita kuwa ta koma ofis washegari ta zauna a jami'ar da babu kowa. Ranar farko da ta shiga kumbon hannunta rawa yake yi. Tsoron bai bar ta ba sa'ad da ta tuɓe rigar, sai dai ta gane cewa ba za a san ta ba muddin tana ɓoye, kuma wanda bai yarda a san shi ba, ba zai san wani ba. Mu ma muna da irin rigunanmu, muƙami, shekaru, girman kai, da gudun kada a ce ba mu sani ba.

Makami ko kayan aiki

Bayan makonni ana tara kalmomi, aka matsa wa Louise ta yi babbar tambayar. Amsar da ta fito kalma biyu ce: miƙa makami. Tantin sojoji ya ɗauki zafi nan take. Louise ta yi ta roƙo a dakata. Ba a tabbatar baƙin sun bambanta makami da kayan aiki ba. Ba a ma san wa zai miƙa wa wa ba, su ne za su ba mu, ko mu suke so mu ba su?

Manomi zai fahimci hujjarta kafin farfesa. Adda a gona kayan aiki ce, a hannun ɗan fashi makami ce, kuma ƙarfen bai canza ba. Haka gatari, haka wuƙar mahauci. Baƙon da ya koyi kalmar adda daga bakin mai sharar gona, ranar da ya ce ya kawo maka adda alheri yake nufi. Idan kai kuma jiya aka tare ka a hanya, abin da za ka ji daban ne. Tsoron da mai sauraro ya shigo da shi yana cikin fassarar, ko ya sani ko bai sani ba.

A ɓangaren Sin kuwa, an gano cewa masanansu suna koyar da baƙin ne ta hanyar wasan mahjong, wanda ake yi da 'yan ƙananan tubala masu zane. Dabara ce mai sauri, amma Louise ta hango illarta. Ka ɗauka ka koya wa baƙo Hausa a bakin dara kaɗai. Duk abin da zai iya faɗa shi ne na ci, an ci ni, na tare, na kashe. Ranar da ya so ya ce yana ƙaunarka, da kalmomin cin nasara zai faɗa, don su kaɗai ka ba shi. Saƙon da Sin ta samu ya fito da ma'anar amfani da makami, Janar Shang na Sin ya ja dakarunsa, Rasha da Sudan suka bi sahu.

Abin da ya biyo baya ya fi kuskuren fassarar muni. A sansanin Montana akwai allunan talabijin da ke haɗa masanan ƙasashe goma sha biyun, suna musayar abin da kowa ya gano. Ɗaya bayan ɗaya allunan suka mutu, kowace ƙasa ta katse layinta, Amurka ma ta katse nata. Baƙin da ke da ƙafa bakwai suna nan suna buɗe ƙofa duk awa 18, 'yan Adam masu harshe da tafintoci su ne suka daina yi wa juna magana. Daga Rasha wani saƙo ya tsallako kafin a rufe bakin mai aiko shi, cewa baƙin sun ce babu lokaci. Jami'in leƙen asiri ya ji wa'adi ne, wato lokacinku ya ƙare. Abin da baƙin suke nufi shi ne lokaci, yadda muke lissafa shi, babu shi a wurinsu.

Wannan ba ƙirƙirar masu fim ba ce kawai. A rikicin makamai masu linzami na Kyuba a 1962, saƙonni tsakanin Kennedy da Khrushchev suna ɗaukar awanni kafin a aika, a warware, a fassara, alhali duniya tana bakin yaƙin nukiliya. Shi ya sa a 1963 aka kafa layin kai-tsaye tsakanin Washington da Mosko. Kuma layin na rubutu ne, ba wayar da ake ɗagawa a yi magana ba kamar yadda mutane suke zato.

Sai kuma bam ɗin. Wani kyaftin a sansanin yana waya da matarsa tana kuka, yana kuma sauraron wani mai surutu a intanet da ke cewa gwamnati ta yi laushi, a nuna wa baƙin ƙarfi. Shi da wasu sojoji suka saka bam a kumbon. Louise da Ian suka shiga ba su sani ba. Abbott ya yi ta buga shamakin yana nuna bayansu, su kuma suna tsammani so yake Louise ta zo ta yi rubutu. Saura daƙiƙa kaɗan ya wurgo su waje, ya tsira da ransu, shi kuma raunin ya zama ajalinsa. Kafin nan baƙin sun bar wani gagarumin rubutu mai ɗaruruwan zobba, Ian ya auna ya ga ya cike kashi ɗaya ne cikin goma sha biyu na filin. Kowace ƙasa an ba ta yanki guda, ba mai karanta saƙon sai an haɗa.

Harshe yana canza mai shi?

Rubutun baƙin ba shi da farko ba shi da ƙarshe. Jimla guda zobe ce da ake fesowa lokaci ɗaya, don haka mai rubutun dole ya san ƙarshen maganarsa kafin ya fara. Wata mai zane a Montreal, Martine Bertrand, ita ta ƙirƙiro siffar zobban, kuma masu fim ɗin sun nemi shawarar Jessica Coon, masaniyar harsuna a Jami'ar McGill. Yayin da Louise take nutsewa a wannan rubutu, sai ta fara mafarki da shi, ta kuma fara ganin wata yarinya.

Fim ɗin ya jingina ne da wani ra'ayi da ake dangantawa da masana biyu na Amurka, Edward Sapir da ɗalibinsa Benjamin Lee Whorf, cewa harshen da mutum yake magana da shi yana tsara yadda yake ganin duniya. Yawancin masana harshe a yau ba su yarda cewa harshe yana ɗaure tunani kamar akuya a turke ba. Abin da aka fi yarda da shi ya fi haka sauƙi: harshe yana saba wa mutum da lura da wasu abubuwa. Mutanen Guugu Yimithirr ɗin nan masu kangaru ba sa cewa abu yana hagunka ko damanka, sai su ce yana arewa da kai ko yamma da kai, ko da ƙoƙo ne a kan tabarma. Saboda haka kullum suna sane da inda gabas take. Wannan sabo ne da harshe ya dasa.

Mu ma in mun duba bakinmu za mu ga abin mamaki game da lokaci. Muna cewa nan gaba ga abin da bai zo ba, a baya ga abin da ya wuce. Amma kakanninmu da suka shuɗe su ne magabata, jikokin da ba a haifa ba su ne 'yan baya. A magana ɗaya abin da ya wuce yana bayanmu, a ɗaya kuma yana gabanmu, kamar ayari da na farko suka riga suka yi nisa. Ba wanda ya taɓa rikicewa saboda wannan, kuma ba wanda ya hango gobe saboda shi.

Fim ɗin ya ɗauki ƙaramar gaskiya ya hura ta har ta zama tatsuniya: wanda ya iya rubutun baƙin zai riƙa tuna abin da bai faru ba tukuna, kamar yadda muke tuna jiya. Babu harshen da zai buɗe wa ɗan Adam gaibu, kuma ba na jin Ted Chiang ya rubuta labarin don a gaskata haka. Gizo ma ba ya magana a daji, amma ba a taɓa fasa tatsuniya saboda wannan ba. Makamin da baƙin suka kawo shi ne harshen nasu. Da Louise ta koma kumbon ita kaɗai, Costello ya gaya mata dalilin zuwansu: suna taimakon 'yan Adam yanzu, don nan da shekara 3,000 su ma za su buƙaci taimakonmu.

Mu ma an yi mana

A nan ne mai kallo yake gane cewa shi ma ya faɗa ramin. Fim ɗin ya buɗe da Louise tana rainon 'yarta Hannah, yarinyar ta girma, ta kamu da wata cuta da ba ta da magani, ta rasu tana budurwa. Daga nan aka nuno Louise tana shiga jami'a. Ba wanda ya ce mana wannan ya riga wancan, mu ne muka ɗauka haka, domin haka muka saba jin labari. Muka ga shirunta muka ce alhini ne, muka ga gidanta babu kowa muka ce mutuwa ce da saki suka share shi. Sai can kusa da ƙarshe ta tambayi Costello wacece wannan yarinyar da take gani. Ashe ba a haifi Hannah ba tukuna. Sunan ma da gangan aka zaɓe shi, in ka karanta shi daga dama ko daga hagu a rubutun boko abu ɗaya ne.

Na kalli fim ɗin karo na biyu don in kama inda aka yi mini ƙarya, ban samu ba. Duk abin da na ɗauka, ni na kawo shi daga gida, kamar yadda jami'in nan ya kawo tsoronsa ya zuba a cikin babu lokaci.

Da wannan sabon gani Louise ta hana yaƙi. Ta tuno wata liyafa da za a yi bayan wata 18, inda Janar Shang zai zo ya gode mata, ya nuna mata lambar wayarsa, ya raɗa mata kalmomin da matarsa ta faɗa masa a gadon mutuwa. Ta ɗauke wayar tauraron ɗan Adam ta jami'in leƙen asirin nan, ta kulle kanta a ɗaki, Ian ya tsaya tsakaninta da bindigogi, ta kira Janar ta maimaita masa kalmomin da Sinanci. Villeneuve bai fassara wa masu kallo abin da ta ce ba. Mutumin da takardun gwamnatoci suka kasa tanƙwarawa ya janye sojojinsa saboda an yi masa magana da muryar ɗakinsa, Sin ta saki nata yankin saƙon, sauran suka biyo.

Maganar da ba ta faɗa ba

Yawancin masu yabon fim ɗin a nan suke tsayawa, su ce Louise ta girma, ta karɓi rayuwa da daɗinta da ɗacinta. Haka ne. Ian ne zai zama mijinta, shi ne uban Hannah. Sa'ad da ya tambaye ta ko za su haihu, ta san ranar suna, ta san ɗakin asibiti, ta san zai bar ta, kuma ta amsa da e. Mai karatu da ya tashi da imani da ƙaddara ba zai ga baƙon abu a nan ba. Kowace uwa ta san abin da ta haifa mai mutuwa ne, ranar ce kawai aka ɓoye mata, kuma ba a fasa haihuwa ba. Louise an ɗage mata labulen ne, ta duba, ta ce duk da haka shekarun yarinyar sun isa a sha wuyarsu. A labarin Chiang 'yar ta kai shekara 25 kafin ta mutu a hatsarin hawan dutse, abin da ake iya cewa a hana ta zuwa. Masu fim suka mai da shi cuta, suka toshe wannan ƙofar.

Amma ni akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Ian bai sani ba. Ita ta ga komai ta zaɓa, shi kuwa ya shiga da ido rufe. Sai bayan an haifi yarinyar ta yi wayo sannan Louise ta gaya masa, ya ce ta yi zaɓin da bai dace ba, ya tafi. Hannah da kanta ta lura cewa babanta ya daina kallonta yadda ya saba. Matar da ta tuɓe riga a gaban halittar da ba ta sani ba, ta kasa tuɓe ta a gaban mutumin da ya tare mata bindiga. Wadda ta koya wa Kanar cewa ba a gaggawar tambaya, ita ce ta jinkirta amsa har ta zama dafi.

Mun san irin wannan shirun. Mutum yana Legas ko Kumasi mahaifinsa ya cika a gida, sai a buga masa waya a ce jikin Baba ya yi tsanani, ka taho. Tausayi ne, don kada ya faɗi a hanya, kuma sau da yawa shi ma ya gane amma ya yi kamar bai gane ba. Sai dai wannan ɓoyon na kwana ɗaya ne, yana isowa zai tarar da tabarmi a ƙofar gida. Na Louise na shekaru ne, kuma a kan abin da Ian yake da haƙƙin a yi shawara da shi. Labarin kangaru ya dawo ke nan: ta san abin da za ta faɗa da abin da za ta riƙe don a isa inda take so.

Ana iya kare ta. Wataƙila wanda yake ganin gobe kamar jiya ba shi da ikon sauya ta, kamar yadda ba mu iya sauya jiya. Wataƙila da ta faɗa da wuri da babu Hannah sam, kuma wace uwa ce za ta zaɓi haka bayan ta riga ta san dariyar 'yarta? Fim ɗin bai yanke hukunci ba, ya bar Ian yana rungume da ita a filin Montana bayan kumbunan sun ɓace kamar hazo, yana murna, ita kuma tana kallon abin da shi ba ya gani. Na fi ganin girman fim ɗin a wannan wurin fiye da wurin hana yaƙi. An zaɓe shi a rukuni takwas na kyautar Oscar, ya ci ɗaya, ta gyaran sauti, abin da ya dace da fim ɗin da rabinsa saurare ne.

Louise ta san abin da zai faru ta yi shiru. A babi na gaba za mu koma ga wanda yake da abin faɗa amma nisa ya hana: uban da ke cikin Interstellar na Christopher Nolan, wanda ya sauka a wata duniya inda awa ɗaya take daidai da shekara bakwai a gida, ya dawo kumbonsa ya tarar da saƙonnin 'ya'yansa na shekara 23 suna jiransa.